Gidan Kurna Da Ya Hana Mu Abinci A Camberwell

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Khalifa.

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sauke ka Sheffield lafiya, Ya tsare ka a hanya da masauki, Ya haɗa ka da maƙwabtan kirki da shugaban aiki mai tausayi. Za ka tarar da takardar nan a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin ledar yaji da kuka, kuma na san abin da za ka ce: me ya hana Umma ta turo saƙon murya kawai? Abin da ya hana shi ne muryata ba za ta kai ƙarshen maganar ba. Na san Hausarka ta ji ce, ba ta karatu ba, amma wanda ya gama digirin injiniya ba zai ce haruffa masu ƙugiya sun kayar da shi ba. Ka zauna ka bi ta a hankali, kuma kar ka kai wa kowa ya fassara maka, maganar gida ce.

Ranar Lahadi ina wanke-wanke na ji ka kana gaya wa ƙanwarka Walida, har da ƙyalƙyala dariya, wai ka kusa zama mai gidan bene a Kano. Baffanka Sani ya kira ka, ya ce lokaci ya yi da za a cire sunan marigayi Abbanka daga takardar gidan Kurna a sa naka, tunda kai ne ɗansa namiji. Ya ce zai sake kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka tura masa hoton fasfo da sa hannunka. Na ga yadda fuskarka ta cika da murna. Wannan murnar ita ta hana ni sukuni duk satin nan, domin na taɓa yin irinta sak, kuma na san inda ta kai mu.

Ba ka san tarihin takardar ba, bari in gaya maka. Kakanka ya rasu ya bar gidan nan na Kurna, bene, da shaguna a ƙasa suna kallon titi, ya kuma bar 'ya'ya rututu, maza da mata. Ba a raba gado ba. Duk lokacin da aka tayar da maganar sai wani ya ce ai kunya ce a ce Alhaji bai daɗe a ƙasa ba an fara yanka gidansa. Da aka zo sabunta takardar gidan, ba wanda ya yarda a sa sunan ɗan'uwansa, sai suka haɗu a kan abu guda: a sa sunan na Landan, shi ba ya buƙata, ba zai ci ba. A lokacin Abbanka yana aikin rediyo a Aldwych, ana jin muryarsa har Kurna, kowa yana ganin kuɗi a shebur yake kwasa.

Abbanka bai so ba. Ya ce mini, "Binta, abin da ba nawa ba, me zai kai sunana kansa?" Ni ce na zuga shi. Na ce girma ne 'yan'uwanka suka ba ka, za ka mayar musu da shi? Gaskiyar magana kuwa, so nake in muka haɗu da matan likitoci a wajen suna, kowace tana lissafa filayenta na Abuja, ni ma in ce muna da bene a Kano. Ya sa hannu don in bar shi ya huta. Daga ranar har ya koma ga Allah, ko kwabo na hayar shagunan nan bai shigo hannunsa ba, Baffanka ne ke karɓa. Ka tuna zuwanmu Kano kana ƙarami? A gidan iyayena muka sauka, saboda gidan namu na takarda babu ɗakin da ba kowa.

Don haka abu na farko, ɗana: kar ka yarda a rataya maka suna a kan abin da ba ka riƙe makullinsa ba. In an ce maka girma ne, ka tambaya wa ke karɓar haya. Kuma in Allah Ya ba ka mata, ta fara zuga ka yadda na zuga mahaifinka, ka karanta mata wannan takarda, ban ce ka rufa mini asiri ba.

Kana aji biyu a sakandare ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Abbanka. A lokacin ya riga ya bar aikin dindindin, sai ɗan aikin fassara da ake biya in an yi, in ba a yi ba babu. Bakin da yake ci da shi kuwa shi ciwon ya fara karkatarwa. Ni kuma na ajiye aikina na gidan kula da tsofaffi don in kula da nawa. Ɗan abin da ake ba shi na rashin lafiya da ɗan kuɗin yara, haya ce ke lamushe su tun kafin su kwana. Wata ma'aikaciya a asibitin Camberwell ta ce in je in nemi benefit, wato tallafin gwamnati, tunda muna da takardun zama na dindindin, haƙƙinmu ne, ba bara ba. Ta ce in aka ba mu, kai ma za ka riƙa cin abincin rana kyauta a makaranta.

Kafin in tafi, wata ƙawata ta ce in cire gwal ɗina, in suka gani za su ce ina da hali. Na cire awarwaro da sarƙa da 'yan kunne, na cusa a cikin safar Abbanka, na tura bayan durowa kamar ɓarauniya. Ka ga wautar? Daga baya na gane mutanen nan ba ruwansu da gwal ɗin wuyanki, ba ruwansu da talabijin ko kujeru ko tsohuwar motar da ke ƙofar gida. Gidan da kake kwana a ciki ma ba sa lissafa shi. Abin da suke lissafawa shi ne kuɗin da ke ajiye a banki, da fili ko gidan da ba a ciki kake zaune ba, ko a ƙasar nan yake ko a bayan duniya. In jimlar ta wuce fam dubu goma sha shida, shi ke nan, sai su ce ka ci dukiyarka tukuna. Ni kuwa na ɓoye abin da ba a tambaya ba, na tafi da abin da zai kashe mu a bakina.

Yarinyar da ta karɓe ni a ofishin ba ta wulaƙanta ni ba, kar in ɗauki alhakinta. Amma ni na ji kaina a wulaƙance tun daga layi. Ni da mahaifina ke yanka sa da layya, ga ni zaune ana tambayata nawa ne a asusuna, ina faɗar abin da ko kuɗin cefanen sati bai kai ba. Da ta zo kan tambayar ko muna da wata kadara a wata ƙasa, sai na ji kamar an miƙo mini zanin rufe jiki. Na gyara zama. Na ce ƙwarai kuwa, muna da gida a Kano, bene, da shaguna, a bakin babban titi. Har waya na ciro na nuna mata hoto, ina ƙara masa gishiri. So nake ta san ba daga bola muka fito ba.

Ta daina buga na'urarta, ta dube ni. Ta ce da sunan wa yake? Na ce da sunan mijina. Ta sake tambaya, a hankali, kamar mai ba ni hanyar fita: akwai wasu da suke da rabo a ciki? Khalifa, wallahi na ji tambayar, na kuma gane ta. Amma in na ce e, benen nan zai koma ɗaki ɗaya da rabin shago a idonta. Na ce a'a, nasa ne shi kaɗai.

Mutane suna ƙarya don su samu, uwarka ta yi ƙarya ta rasa. Amsa ta zo cewa dukiyarmu ta wuce iyaka, ba mu cancanta ba. Da benefit ɗin ya faɗi, abincinka na makaranta ya bi shi, domin a jikinsa yake rataye. Walida tana firamare, su ana ba su duka, ita ta tsira. Kai ne ka rasa.

Ka ji ni da kyau a nan, don kar ka ɗauki darasin a karkace. Ban ce ka ɓoye wa hukuma komai ba. Ko ban yi alfahari ba, dole ne a faɗi gidan, tunda sunan Abbanka ne a kai, kuma wanda ya ɓoye in aka gano shi, abin da zai same shi ya fi namu muni. Abin da nake cewa shi ne ka faɗi abu daidai girmansa, kar ka rage, kar ka ƙara. In ka shiga wurin da aka buɗe don mabuƙata, ka shiga a matsayin mabuƙaci. Rufin asirin da muke ta roƙo a addu'a, Allah ne ke yin sa, ba bakin mutum ba.

Na koma na ce na yi kuskure, gidan na gado ne. Suka ce to, in haka ne rabon mijinki kawai za a lissafa, kuma in magada suna da yawa mai yiwuwa bai kai iyakar ba. Amma takarda ta ce nasa ne, ke ma kin ce nasa ne, sai ki kawo shaida. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: rubutu daga kotu ko daga lauya, da sa hannun 'yan'uwa, cewa gidan na magadan Alhaji ne su duka. Na ce wannan ai aikin yini guda ne. Na kira Baffanka.

Ya yi ta salati, ya yi ta tambayar jikin Yaya. Da na faɗi abin da ya sa na kira sai muryarsa ta sauya. Ya ce, "Haba matar Yaya, ku da kuke Ingila? Ai can ko kare gwamnati ce ke ciyar da shi."

Na ce, "Alhaji Sani, gwamnatin ce ta ce mu ci gidan Kurna."

Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Sannan ya ce, "Ki duba fa. In muka rubuta cewa gidan nan na gado ne, gobe 'yan'uwanmu mata, su Talatu, za su ɗauki takardar su kai gaban alƙali a ce a raba. Kina so a ce ke ce kika tarwatsa gidan Alhaji daga Landan?"

Ka san me na ce? Na ce, "Allah Ya kiyaye." Na ce ya gai da iyali. Na ajiye waya. Da na buɗe baki na ce masa yaran Yayanka ba su da abinci, da wataƙila ya ji kunya, wataƙila kuma bai ji ba, amma da na sauke nawa. Da na kira Gwaggonka Talatu kai tsaye, ita da take sayar da ƙosai alhali tana da rabo a bene, da ta tashi tsaye. Ban yi ba. Na ji nauyin a ce matar Yaya ta shiga maganar gadon dangin miji. Na sake kiransa daga baya, kullum amsa ɗaya: ana kan shawara, liman ya yi tafiya, lauya ba shi da lafiya. Abbanka yana kwance yana jin komai, bakinsa ba ya iya haɗa kalma, sai hawaye ya bi ta gefen da ya shanye. Wannan kallon nasa har yau ban yafe wa Baffanka ba, kuma ban yafe wa kaina ba.

Kunya tarbiyya ce, ni na koya maka ita, ba na kuma nadama. Amma kunyar da za ta bar yaro da yunwa don babba ya ji daɗi, wannan ba tarbiyya ba ce, tsoro ne aka sa wa hula. Ka koyi bambanta su tun yanzu, ni sai da na yi furfura.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka tuna shekarar da na yi ta azumi? Na fara da Litinin da Alhamis, sannan ya zama kusan kullum. In na zuba muku shinkafa ka ce, "Umma, naki fa?" sai in ce azumi nake don Allah Ya ba Abbanku lafiya. Har kana gaya wa abokanka uwarka waliyyiya ce. Khalifa, mafi yawan kwanakin nan ban ɗaura niyya ba. Tukunyar ce ba za ta kai mu huɗu ba. Na yi ƙarya da sunan ibada, ina neman gafarar Allah a kai har gobe.

Kai ma kuma ka yi mini taka. Kullum in na tambaye ka ko burodin da na naɗe maka ya ishe ka, sai ka ce ai ba ka ma jin yunwa a makaranta. Sai ranar taron iyaye wata malama ta yaba maka, ta ce ba ta taɓa ganin yaro mai son karatu irinka ba, duk lokacin cin abinci kana ɗakin karatu. Na yi mata murmushi, na yi godiya. Da muka fito na ce ka yi gaba zan tsaya sayen abu, na zauna a matsayar bas na yi kuka har bas biyu suka wuce. Ashe rabin burodin ma Walida kake ajiye wa. Kana ɗan shekara goma sha uku kana rufa wa uwarka asiri, alhali a Kurna ana karɓar hayar shaguna da sunan ubanka.

Daga ƙarshe likitanmu ya rubuta mini takardar zuwa food bank, inda ake raba wa mabuƙata kayan abinci. Akwai ɗaya nan kusa da mu, tafiyar ƙafa. Ban je ba, wai kar matan da na yi wa alfaharin bene su gan ni. Sai na riƙa hawa bas har Croydon, ina kashe kuɗin motar da zai sayi ƙwai, don in yi layi inda ba a san ni ba. Kuma a can ɗin ma sai da Hausa ta same ni. Wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, Memuna, tana cikin masu rabo, ta ji ina ƙirga gwangwani a ƙarƙashin numfashi. Ta ce, "Hajiya, ka zauna, ka sha tea. Wannan akwai alade ciki, ka bari, na canza maka da kifi." Ba ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni ba, ba ta tambayi me muke da shi a gida ba. Matan nan kuwa da nake ɓuya dominsu, da labarin ya fito daga baya, biyu daga cikinsu suka ce mini su ma sun taɓa yin layin. Duk muna ɓuyar wa juna, kowace da benenta a baki.

Gwal ɗin da na ɓoye a safa, shi na riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina kaiwa Peckham ina sayarwa, har ya rage 'yan kunnen da ke kunnena yanzu. Shaidar ba ta taɓa zuwa ba. Abbanka ya rasu, na koma aikin ɗaga tsofaffi, da wannan bayan nawa da kake yi wa tsiya yana ƙara in na tashi na ciyar da ku. Ranar addu'ar bakwai Baffanka ya turo mini hotuna. An kafa rumfa a ƙofar gidan Kurna, an yanka sa, an dafa shinkafa a manyan tukwane, unguwa guda ta ci ta yi guzuri. Ya rubuto a ƙasa cewa duk daga kuɗin shaguna aka yi, don a fita kunyar Yaya. Na daɗe ina kallon tukwanen nan. A ranar, abin da ke kicin ɗinmu taliya ce da gwangwanin wake na Memuna.

To yanzu ka gane dalilin kiran. Takarda ba za ta dawwama da sunan mamaci ba, su Gwaggo Talatu sun fara magana, an ce a raba. Baffanka yana neman wani na Landan ne, wanda yake nesa, mai kunya, wanda ba zai ci ba, ya sake ajiye gidan a kansa wasu shekarun. Kai kuma aikin da za ka fara na gwaji ne, kai da bakinka ka ce in ba su gamsu ba za su sallame ka. Ina roƙon Allah kar ka taɓa shiga ofishin nan na benefit. Amma Abbanka ma da ƙafarsa ya fita da safe, a motar asibiti aka wuce da shi. In ranar ta zo, ba na so a ce maka ka ci benen da ko makullin banɗakinsa ba ka da shi. Kuma ko ba ta zo ba, haƙƙin gwaggwanninka ne za a binne a ƙarƙashin sa hannunka. A raba gado yadda Allah Ya ce. Abin da ya faɗo wa Abbanka, ko ɗaki ɗaya ne, a rubuta shi da sunanka da na Walida da nawa, mu san namu, mu faɗe shi daidai girmansa a duk inda aka tambaya.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Kafin ya kira ka, ni ya fara kira. Ya yi gaisuwa, ya yi wa Yaya addu'a, ya ce yana neman izinina a sa sunan Khalifa. Duk abin da na rubuta maka a nan yana cikin ƙirjina. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "To, Allah Ya sa alheri." Bayan duk abin da ya faru, harshena bai iya ba. An gina shi ne a gidan da ba a ce wa dangin miji a'a, ya kuma tsufa a haka.

Kai naka ba haka yake ba. Tun kana ƙarami nake yi maka faɗa, ina yi maka Hausa kana amsa mini da Turanci, har na taɓa hana ka kallon talabijin a kan haka. Yau na janye. Ranar Juma'a in ya kira, ka gaishe shi da Hausa, ka tambayi iyali, ka tambayi kasuwa, ka ba shi girmansa cikakke, baffanka ne. In ya zo kan maganar sa hannu, ka amsa masa da wancan harshen naka, wanda a'a ba ta yi masa nauyi. In ya ce ai Ummanka ta yarda, ka ce masa Umma ta ba ka labarin azuminta.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare cikinka daga yunwa da haram, Ya sa kar ka taɓa ɓuya a ɗakin karatu don wani ya ci haya. Allah Ya jiƙan Abbanka, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yajin na daka shi da yawa, kar ka yi masa rowa. Ka ci abincin rana kullum, ka zauna a cikin mutane ka ci, kuma in na kira na tambaye ka ko ka ci, ka gaya mini gaskiya. Ni ma daga yau gaskiya zan riƙa gaya maka.

Wassalam,
Ummanka.